Yadda Ake Haɗa Gishirin Ƙamshi A Gida Domin Adana Ganyayyakin Lambu

Sanin kowa ne cewa da zarar noman rani ya kankama a fadamu da bakin madatsun ruwa, kasuwanninmu kan cika da ɗanyen ganye har ya rasa mai saye. Ɗaurin na'ana'a ko na ɗaɗɗoya da uwargida ta saya da safe, kafin gobe ya yi yaushi, jibi kuwa ya yi baƙi sai dai a zubar. Shi kuwa lawashi, wato ganyen albasa, tsibi-tsibi ake barinsa a gona lokacin cirar albasa. Bayan wata biyu ko uku, idan zafin bazara ya ƙone lambuna, sai a koma neman wannan ganye da tsada, wani lokaci ma ba a samu. Asarar tana kan manomin da bai mayar da kuɗin takinsa ba, tana kuma kan magidancin da ya biya kuɗin abin da ba a ci ba. Sabili da haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin wata hanya mai sauƙi ta adana ƙamshin waɗannan ganyayyaki a cikin gishiri, wadda ba ta buƙatar wani inji, in ban da turmi da faifai da kwalba.

Adana ganye ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu mata sun daɗe suna shanya kuka da zogale da yakuwa da lalo, kuma suna kirɓa lawashi su dunƙula shi su busar, ya zama gabu. Sai dai ganyen miya daban, ganyen ƙamshi daban. Kuka da lalo ana neman yauƙinsu da jikinsu ne, kuma shanya ba ta raba su da wannan. Na'ana'a da ɗaɗɗoya kuwa amfaninsu yana cikin wani mai ne ɗan kaɗan da ke cikin wasu ƙananan jakunkuna a fatar ganyen, kuma man nan mai saurin tashi ne. Idan aka baza su a rana tsaka, ƙamshin da ake ji ya cika tsakar gida shi ne ƙamshin da ba za a sake samu a tukunya ba. A nan ne gishiri yake da rana, domin idan aka daka ganyen tare da shi, tsakuwar gishirin tana fasa jakunkunan, man ya game jikinta, sannan ta janye ruwan ganyen da sauri kafin ya fara ruɓa.

Al'ummomi da dama a duniya sun san wannan dabara. A lardin Kwibek na ƙasar Kanada, inda sanyi ke hana komai tsiro na tsawon watanni, Faransawan yankin kan yayyanka fasili da ganyen seleri da ganyen albasa da karas su jera su hawa-hawa da gishiri a cikin tulu, su riƙa ɗiba suna zubawa a miyar wake har lambu ya dawo. A birnin Bolonya na Italiya ana sara ganyen rozmeri da tafarnuwa tare da gishiri mai tsakuwa, a shanya, a riƙa shafa wa nama kafin gashi. Mutanen tsaunukan Sibaneti a ƙasar Jojiya su ma suna da nasu gishirin da suke dakawa da tafarnuwa da barkono da busassun tsirrai. Haɗin Kwibek jiƙaƙƙe ne, na Bolonya busasshe, kuma duka biyun za mu yi bayaninsu, domin yanayinmu ne zai nuna wanda ya dace da wane lokaci.

Abin Da Gishiri Yake Yi

Ɗanyen ganye kusan dukkansa ruwa ne, tsakanin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na nauyinsa, wani ma ya fi haka. Ƙwayoyin cuta da fumfuna ba sa iya rayuwa su hayayyafa sai da ruwa, kuma ba kowane ruwa ba, sai wanda yake sake, wanda za su iya tsotsa. Gishiri idan ya narke yana kama ruwan ya riƙe, har ma ya janyo na jikin ƙwayar cutar kanta ta yanƙwane. Masana abinci suna auna wannan sakakken ruwa da ma'aunin da ya tashi daga sifili zuwa 1, inda tsabtataccen ruwa yake kan 1. Galibin ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci suna tsayawa da zarar ma'aunin ya sauka ƙasa da 0.91. Ruwan da ya ƙoshi da gishiri, wato wanda ba zai iya narkar da ƙari ba, yana kan 0.75. Amma akwai wasu nau'o'in fumfuna masu jure fari da kan ci gaba da tsiro a hankali ko a nan, kuma sai an sauka ƙasa da 0.6 kafin a ce babu abin da zai tsiro ko kaɗan. Wannan ne ya sa busasshen haɗi ya fi jiƙaƙƙe daɗewa.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta gishiri da ya kamata kowace uwargida ta riƙe, ko da yake ta riga ta san ta a aikace. Idan danshin iska ya kai kimanin kashi 75 cikin ɗari, gishiri kan fara shan ruwa daga iskar da kansa har ya jiƙe. Shi ya sa a watan Agusta ake ganin gishirin da aka bari a buɗe ya dunƙule ko ya tsatso ruwa. A lokacin hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, danshin iska da rana kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a yawancin arewacin ƙasar nan. Abin da mutanen Turai ke kunna murhun gashi na sa'o'i su nema, mu iska ce ke yi mana shi kyauta, kuma a daidai lokacin da lambuna suka fi yalwa.

Wajibi ne mu faɗi abin da gishiri ba ya yi, domin kada a ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Yana hana ƙwayoyin cuta ƙaruwa, amma ba ya kashe su duka, kuma ƙwan tsutsar ciki yana da taurin rai ƙwarai. Haka nan ba ya wanke maganin ƙwari da aka fesa wa ganye. Wasu lambunan gefen birane da ruwan kwata ake ba su, kuma wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Don haka ganyen da ya shiga turmi da datti, da dattinsa zai fito.

Zaɓen Ganye Da Gishiri

Ganyayyakin da suka fi karɓar wannan aiki a wurinmu su ne ɗaɗɗoya, da ƙaramar ɗaɗɗoyar nan da 'yan kasuwa ke kira ganyen kori, da na'ana'a, da lawashi, da fasili, da ganyen seleri. Ana iya ƙara tafarnuwa, da ɗanyar citta, da attarugu, da kankararren bawon lemun tsami, koren kawai ban da farin cikin, domin farin ɗaci gare shi. Lansir a ganinmu gara a ci shi ɗanye, domin yajinsa ba ya jure ajiya. Alayyafo da latas kuwa babu ƙamshin da za a adana a cikinsu, ɓarnar gishiri ce kawai.

Mai lambu a gida ya tsinki ganyensa da hantsi, bayan raɓa ta bushe kafin rana ta yi zafi, kuma kafin tsiron ya yi fure, domin a lokacin ne ganyen ya fi ƙamshi da taushi. Idan an yi feshi, a jira adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin su cika, in babu rubutu a tuntuɓi malamin gona. A tsince ganyen da ya yi rawaya ko ƙwari suka ci, a cire itacen jiki, a wanke cikin ruwa mai tsabta sau uku ana sauya ruwan, sannan a baza a kan yadi mai tsabta a inuwa har ruwan wankin ya tafi sarai. Kada a yi gaggawa a nan. Duk ɗigon da aka bari a jikin ganye, gishiri ne zai yi ɗawainiyarsa daga baya.

Game da gishirin kansa, muna ba da shawarar a yi amfani da gishirin leda mai sinadarin aidin, in an samu mai ɗan tsakuwa ya fi daɗin daka. Tun shekarar 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin da mutane ke ci, domin yaƙi da maƙoƙo da kuma tawayar ƙwaƙwalwa da rashin sinadarin ke jawo wa jarirai tun suna ciki. Gishirin gargajiya yana da tarihi mai daraja, tun daga beza da kantun Bilma da ayarin raƙuman Abzinawa ke kawowa, har zuwa na Keana da Awe a jihar Nasarawa. Amma galibinsa ba a sa masa aidin ba, kuma yakan zo da ƙasa da wasu sinadarai da ke sa shi saurin shan danshi. Kanwa kuma ba ta da wuri a wannan haɗi ko kaɗan. Gaskiya ne tana sa ganye ya riƙe korensa, amma tana ɓata ɗanɗano, tana kuma lalata wasu sinadaran bitamin.

Busasshen Haɗi

Wannan shi ne wanda muka fi so jama'a su rungume, kuma lokacinsa hunturu ne zuwa farkon bazara. Ƙa'idarsa ita ce nauyin gishiri ya yi daidai da nauyin ɗanyen ganye, misali giram 200 na wannan da giram 200 na wancan. Wanda ba shi da sikeli ya auna gwangwanin madara ɗaya na gishiri ga gwangwani huɗu zuwa biyar na yankakken ganye, domin ganye ba shi da nauyi. Idan aka kuskure, gara a kuskure ta wajen yawan gishiri.

Sai a yayyanka ganyen da wuƙa mai kaifi, a zuba a busasshen turmi tare da kashi ɗaya cikin uku na gishirin, a daka sama-sama. Idan da tafarnuwa ko citta, su ake fara dakawa da gishirin su yi laushi kafin ganye ya shiga. Ba a so a kirɓa har ya zama kunu, domin ganyen da aka dagargaza ya zauna yana shan iska baƙi yake yi, musamman ɗaɗɗoya. Da zarar ya koma kamar jiƙaƙƙen yashi mai launin kore, a juye, a zuba ragowar gishirin a cuɗa da hannu. Turmin da aka daka daddawa ko yaji a cikinsa sai an wanke shi ya bushe tun jiya, in ba haka ba ƙamshinsu zai danne na ganyen.

Daga nan a baza shi siriri a kan tire ko faifan da aka shimfiɗa wa farin yadi, kaurinsa kada ya wuce na yatsa. A ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, a rumfa ko a ɗaki mai taga biyu, a lulluɓe da yadi mai shara-shara saboda ƙurar hunturu da ƙudaje da kaji. A riƙa motsawa safe da yamma ana farfasa dunƙulen. Da dare a shigar da shi ɗaki saboda raɓa. A tsakiyar hunturu kwana biyu ko uku sun isa, haɗin da ke da tafarnuwa da lawashi da yawa kuwa yakan ɗauki fiye da haka. Mun san shanya a rana ta fi sauri, kuma al'adarmu ce, amma a nan rana asara biyu take jawowa: tana kore ƙamshi da launi, sannan zafi da haske da danshi idan suka haɗu suna rage aidin ɗin gishirin. Mai murhun gashi na zamani yana iya amfani da shi a kan mafi ƙarancin zafi, ya bar ƙofar a ɗan buɗe, gwargwadon yadda hannu zai iya taɓa tiren ba tare da ƙuna ba.

Alamar bushewa ita ce a damƙi kaɗan a tafin hannu a matse, a buɗe. Idan ya warwatse kamar yashin rani, ya yi. Idan ya riƙe siffar hannu, da saura. Akwai kuma gwajin da ya fi wannan tabbas: a zuba cokali biyu a busasshiyar kwalba a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi na yini guda, in aka ga gumi a jikin kwalbar daga ciki, a mayar da duka kan faifai. Bayan ya bushe, mai so ya sake dakawa ya tankaɗe, mai so ya bar shi da tsakuwarsa.

Ajiya a kwalbar gilashi ta fi, wadda aka wanke aka tafasa ta bushe. Gishiri yana cin ƙarfe, don haka a nemi murfin roba, in kuma na ƙarfe ne a sa leda mai tsabta a ƙarƙashinsa. Kada a ajiye a kwanon alminiyam ko gwangwani. Gara a rarraba a ƙananan kwalabe da a tara a babba guda, domin kowace buɗewa a damina ƙofa ce ga danshi. A rubuta ranar da aka yi a manna, a ajiye nesa da murhu da hasken taga. Ƙamshin yana nan da ƙarfinsa kimanin wata shida, bayan nan ya fara ja da baya, ko da yake gishirin bai lalace ba muddin yana bushe.

Jiƙaƙƙen Haɗi

A damina, lokacin da ɗaɗɗoya ke tohowa a bayan kowane gida amma shanya ba ta yiwuwa, sai a koma ga irin na mutanen Kwibek. A ƙasashen sanyi sukan sa gishiri kashi ɗaya ga ganye kashi huɗu a nauyi, su ajiye a firji. Mu da zafinmu da kuma halin wutar lantarkinmu, muna ganin a sa kashi ɗaya ga kashi uku, kuma ga dalili. Giram 100 na ruwa yana narkar da kimanin giram 36 na gishiri kafin ya ƙoshi. Ganye giram 300 yana ɗauke da ruwa wajen giram 260, wanda ke buƙatar giram 94 na gishiri ya ƙoshi. Ke nan giram 100 ya isa ya kai ruwan ganyen maƙura, har a ga ɗan burbushin da bai narke ba a ƙasan kwalba, kuma ganin wannan burbushi alama ce mai kyau.

Ana yayyanka ganyen ƙanana, a cuɗa da gishirin, a danna a kwalba da bayan cokali har ruwan da ya tsatso ya taso ya rufe shi, sannan a barbaɗa gishiri a sama a rufe. A firji yakan kai watanni. Inda babu firji, a yi kaɗan, wanda za a cinye cikin 'yan makonni, a ajiye a wurin da ya fi sanyi a ɗaki. Tukunya cikin tukunya, wadda marigayi Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tana taimakawa a rani, amma a damina sanyinta kaɗan ne domin iska ba ta shan ruwan yashin. Kullum a ɗiba da busasshen cokali mai tsabta. Da an ga fumfuna, ko kumfa, ko yauƙi, ko wari ya sauya, a zubar da kwalbar duka, kada a kwashe sama a ci ƙasa.

Gargaɗi ɗaya muke so a ɗauka da muhimmanci: kada a zuba man gyaɗa ko wani mai a kan ɗanyen ganye ko tafarnuwa a rufe a ajiye a ɗaki. Mai yana toshe iska, kuma akwai wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da ke bunƙasa a inda babu iska, ta fitar da dafin da ke shanye jijiyoyi har ya tsayar da numfashi, ba tare da abincin ya sauya wari ko kama ba. A shekarar 1985 mutane da dama sun kamu a birnin Bankuba na Kanada sanadiyyar yankakkiyar tafarnuwa da aka ajiye cikin mai. Gishiri mai yawa yana hana ƙwayar tsiro, amma gishiri ba ya narkewa a mai, saboda haka ba za a dogara da shi a can ba.

Yawan Da Ya Kamata A Ci

Idan aka shanya giram 200 na ganye, abin da ke saura bai fi giram 30 ba. Wato busasshen haɗin da muka kwatanta, kusan kashi tara cikin goma nasa gishiri ne tsantsa, duk da koren launinsa. Jiƙaƙƙen kuwa rubu'insa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, daga duk abin da ya ci, kuma giram 5 bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Yara ƙasa da haka ya kamace su, jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya kuwa ba a sa musu gishiri a abinci. Yawan gishiri yana daga cikin manyan abubuwan da ke jawo hawan jini, wanda shi kuma ke kai wa ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na ƙoda.

Saboda haka wannan haɗi gurbin farin gishiri yake shiga a tukunya, ba a tara su biyu. Idan uwargida ta zuba farin gishiri, ta murmusa ɗunƙulen ɗanɗano biyu ko uku waɗanda su ma kusan rabin nauyinsu gishiri ne, sannan ta kawo gishirin ƙamshi ta ƙara, to ta ninka cutar ne da sunan gyara. Amfanin da muke hange shi ne akasin haka. Miyar da ta ji ƙamshin ɗaɗɗoya da tafarnuwa ba ta neman gishiri da ɗunƙule da yawa kafin ta yi daɗi, don haka ana iya rage su sannu a hankali ba tare da maigida ya yi ƙorafi ba. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya tsaya a kan ƙa'idar da likita ya ba shi, ya lissafa wannan a cikinta. Kada kuma a ɗauka ya maye gurbin ɗanyen ganye wajen gina jiki, domin bitamin C ba ya jure daka da shanya, kuma ɗan abin da ake barbaɗawa bai kai ya ciyar ba.

Wajen girki, a zuba shi gab da sauke tukunya, minti biyar ko goma kafin a kashe wuta, yadda zai ɗan dahu amma ƙamshin bai tsere da tururi ba. Na ɗaɗɗoya da citta da attarugu ya dace da farfesu da kifi, na lawashi da tafarnuwa ya dace da dafa-duka da wake da ƙwai, na na'ana'a da bawon lemun tsami kuma da gasasshen naman rago. A ɗebo da cokali nesa da tukunya, kada a karkata kwalbar a kan tururi.

Ƙungiyoyin mata da matasan da ke tunanin mayar da wannan aiki sana'a, musamman a yankunan da ake noman albasa, su sani cewa abincin da aka ƙulla a leda ko kwalba domin sayarwa a kantuna yana buƙatar rajistar hukumar NAFDAC, tare da rubuta abubuwan da ke ciki da ranar yi da ranar ƙarewa. Kafin a kai ga nan, ya kyautu a fara da gwangwani ɗaya na gishiri a wannan hunturu, a ajiye kwalba guda a rufe ba a taɓa ba har ƙarshen Agusta, sannan a buɗe a ga yadda ta tsallake damina.